Na sa sabuwar karbirata, amma injin sai hawa da sauka yake yi

Lawali Mirya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara a kan injin ban ruwana na lambu. Ƙaramin nan ne ɗan Sin da aka kwaikwayi Honda GX160, mai tiyo inci 3. Tun da damina ta kankama na sa shi a ɗaki, wata huɗu ban taɓa shi ba. Makon jiya na fito da shi zan fara ba albasa da salati ruwa, sai ya ce atafau ba zai tashi ba sai da cok, wato abin da ke rage masa iska, ina buɗe cok ɗin ya mutu. Ranar Alhamis na shiga Damagaram, na sayo sabuwar karbirata a Kasuwar Dole, na ɗaura da hannuna. Yanzu yana tashi, amma sai ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, kamar mai haki. Ruwan ma haka yake fita a tiyo, ya turo ya ja da baya. Dashen albasata kwana shida ke nan. Me na yi ba daidai ba?

Ilu Sabon Gari: Wa alaikumus salam Yaya Lawali. Mayar musu da ita kawai, an ba ka maras kyau. A cikin kwali guda sai ka samu wata ta yi, wata ba ta yi ba.

Malam Habu Makanike: Ilu, tsaya tukuna, kada ka sa bawan Allah ya ƙona kuɗin mota a banza. Lawali, amsa mini uku. Tsohuwar tana ina? Ka wanke tankin mai kafin ka ɗaura sabuwar? Kuma da ka cire tsohuwar, juwan ɗin da ke bayanta, wato takardar nan da ke hana iska shiga ta mahaɗa, ya fito lafiya ko ya yage?

Lawali Mirya: Baba Habu barka da yamma. Tsohuwar tana nan cikin buhu, saura kaɗan in ba yara su yi wasa da ita. Tanki ban wanke ba, mai na ƙara a kan wanda ya kwana. Juwan kuwa gaskiya ban lura ba, na dai sa sabo da ya zo cikin kwalin.

Malam Habu Makanike: To, ka amsa da kanka. Kada yara su taɓa tsohuwar nan, ɗauke ta ka ajiye.

Bari in yi maka bayanin hawa da saukan nan, don in ka gane shi ba ka ƙara sayen abin da ba ka buƙata. Karbirata ba ta da wani sihiri. Iska ce ke shiga ta wani maƙogwaro mai ƙunci, saurinta ya ƙaru, ta tsotso mai daga ƙoƙon da ke ƙasa. Man yana da hanya biyu: babbar hanya ta lokacin da injin ke ɗauke da kaya, da ƙaramar hanya ta lokacin da yake tafiya a hankali. Kowace da jikler ɗinta, wato ƴar ƙwaya mai rami. Ramin ƙaramar, gashin wutsiyar doki ma da ƙyar zai wuce. To a jikin injin akwai gwamna, shi ne ke riƙe gudu kada ya wuce kima. In mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, injin zai yi kasala, gwamna ya buɗe masa maƙogwaro, ya zabura, gwamna ya rufe, ya sake jin yunwa, ya faɗi. Abin da kake ji ke nan. Injinka yunwa yake ji. Ko dai mai ba ya isa, ko kuma iska na shiga ta inda ba a ba ta izini ba.

Gwada wannan gobe da safe: yana cikin hakin, ka ja cok zuwa rabi. In ya daidaita, magana ta ƙare.

Ilu Sabon Gari: Akwai hanya mai sauri Baba. A ɗiga ɗan mai a gefen juwan ɗin injin na aiki, in ƙararsa ta sake to nan iska ke shiga.

Malam Habu Makanike: Kai yaro, a kusa da salansa mai zafi? A lambu, ga busasshen kara ga darni? Kada in ƙara jin ka koya wa mutane wannan. Ya kwance ya duba da ido, noti biyu ne kacal.

Ilu Sabon Gari: Na tuba Baba. Amma a kan maganar tsohuwar karbirata ban yarda ba. Ku mutanen da kun saba da na Japan na asali, waɗanda ake wankewa shekara goma suna aiki. Wannan nasa tun farko ɗan Sin ne, karbiratarsa ma ƴar Sin ce. Kuɗin da zai ba makanike ya wanke, da kuɗin hawa mota daga Mirya, da yinin da zai ɓata, sun kai kuɗin sabuwa. Ni a shago abin da nake gaya wa mutane ke nan: cire, jefar, ɗaura.

Sani Fagge: Salamu alaikum mutanen Damagaram, ɗan'uwanku ne daga Kano. Mu kabureta muke cewa, buji kuma fulogi, na daɗe ina karatu kafin in gane juwan gasket kuke nufi. Ina goyon bayan Ilu rabi. A nan ma masu janareto sun fi son a canza. Sai dai akwai abin da masu shago ba sa faɗa: ta GX160 da ta GX200 kamarsu ɗaya a ido, ramukan noti ɗaya, kowace za ta hau kan kowane. Amma ɗaya injin 163 cc ne, ɗayan 196 cc, ba cinsu ɗaya ba, ramin jet ɗinsu, wato jikler, ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya je kasuwa hannu rabbana ba tare da tsohuwar ba, duk wadda aka miƙo masa ita zai karɓa.

Ilu Sabon Gari: Malam Sani ni dai ina tambayar mutum lambar injinsa kafin in ba shi.

Sani Fagge: Allah ya yi maka albarka, kai ɗaya ne a cikin dubu.

Lawali Mirya: Ni ba a tambaye ni komai ba. Hoto na nuna a salula aka ɗauko mini.

Malam Habu Makanike: Ilu, ba ƙin sabuwa nake ba. Akwai karbiratar da ba ta gyaruwa: wadda ruwa ya kwana a ciki har ƙarfen ya yi fari yana marmashewa kamar kanwa, ko wadda sandar maƙogwaronta ta cinye tana girgiɗi, ko wadda wani gwani ya sa allura ya buɗa ramin jikler. Waɗannan ni da kaina nake cewa a sayo wata. Abin da nake ƙi shi ne a canza ba a san abin da ya kashe ta farko ba. Mutum ya sha ruwan rijiya ya yi ciwon ciki, ka ba shi magani, ka mayar da shi rijiyar. Lawali ya bar mai wata huɗu a tanki da ƙoƙo. Mai in ya daɗe, mai ƙarfin cikinsa ya tashi, saura ya zama danƙo kamar ƙaro, ya liƙe ƙaramar hanya. Shi ya sa da farko sai da cok. Yanzu ya ɗaura sabuwa ya ɗura mata wannan tsohon man da tsatsar tanki. Ko daga Japan aka aiko ta a jirgi, kwana nawa za ta yi?

Hajiya Mariyama: Sannunku da aiki. Malam Habu Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya shafe mu. Ƙungiyarmu ta mata a Gidimuni muna da inji biyu, kuma duk shekara in sanyi ya shigo sai mun kira mai gyara, kullum maganarsa ɗaya, karbirata. Bara har biyu muka saya. Yanzu na gane ashe mu ne ke ajiye su da mai a ciki. Amma ni ina zargin man da yara ke sayo mana a kwalba a bakin hanya. Ranar nan na zuba a roba mai haske na ajiye, da na dawo sai ga wani abu kwance a ƙasa kamar ruwan tsamiya.

Rabe: To fa, an zo kanmu. Hajiya da girmanki, ba duk ɗan ruwa-ruwa ne ke haɗa mai da wani abu ba. Ni shekarata nawa a wannan sana'a, ƴan kabu-kabu a wurina suke sha, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙara. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ribar ma ta gudu, yanzu ba don sabo ba da mun bari. Sau da yawa bidon ɗin mai saye ne ke da ruwa. Yaro ya ɗebo ruwa da shi da safe, da rana a aike shi sayen isansi da shi.

Hajiya Mariyama: Malam Rabe ban kama sunan kowa ba. Amma maganar bidon gaskiya ce, zan bincika namu.

Mahamadu Birni: Rabe, ga matatar SORAZ a bayan gari tun 2011, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace. Me zai hana mutum ya je gidan mai ya huta?

Rabe: Malam Mahamadu kai kana Birni, gidan mai na kusa da kai. Mai lambu a ƙauye da ke son lita biyu da asuba fa? Ya hau babur ya ƙona lita ɗaya don ya sayo biyu?

Shugaban zaure: Jama'a a dawo kan injin Lawali. Maganar ruwa-ruwa in an fara ta sai asuba.

Malam Habu Makanike: Abin da Hajiya ta yi shi ne daidai, kuma kowa ya riƙe shi ko a ina ya sayi mai. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Zuba a kwalba mai haske, ba shi ɗan lokaci, ka duba gindin. Ka tace da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. A ƙarƙashin robinen mai, wato abin buɗe mai da rufe shi, akwai ɗan kofi da aka yi don tara datti, mutane da yawa ba su san yana kwancewa ba. A gindin ƙoƙon karbirata kuma akwai kusa ta gefe, ta zubar da mai ce. Ran da za ka ajiye inji: rufe robine, bar shi ya ci abin da ke ciki har ya mutu, kwance kusar nan sauran ya tsiyaye, juye tanki. Aikin minti biyar.

Lawali, ga yadda za ka yi, kuma ka yi shi a kan tabarma ko buhu, ba a kan rairayi ba, don in ƙaramin sifirin ya faɗi cikin ƙasar Mirya sai dai ka haƙura. Injin ya huce. Cire hular buji. Rufe mai. Ɗauki hoto da salula kafin ka taɓa komai, musamman wajen da sandar gwamna ta shiga. Kile 10, wato sifana mai lamba 10, ya ishe ka: noti biyu na gidan filta, sai ka zare shi, ka cire tiyon mai. Jawo karbiratar a hankali a kan dogayen kusoshin, ka juya hannun maƙogwaro har sandar gwamna ta fita da kanta. Kada ka lanƙwasa ta, kada kuma ka taɓa notin da ya ɗaure hannun gwamna a jikin injin. In ka kwance wannan ka jawo wa kanka wani aikin, injin da aka yi ya tsaya wajen juyi 3,600 a minti sai ya wuce, ya ci kansa.

Bayan karbirata akwai wata baƙar roba mai kauri da ke raba ta da zafin injin. Juwan ɗaya a bayanta, ɗaya a gabanta. Zare su duka ka kalle su a rana. Duba robar ko ta tsage.

Mamman Lambu: Ina biye da ku. Ni ma'aikacin wani masauki ne a nan cikin gari, akwai ɗan fili mai ciyawa da nake kula da shi, da injin yanka na turawa. Na san a Damagaram abin dariya ne, garin da ake sayen ruwa a garwa wani na shayar da ciyawa don a yanke a zubar, ko tumaki ba a ba. To aikina ke nan. Nawa Briggs & Stratton ne, karbiratarsa ta roba ce zaune a kan tanki, da wata ƴar jar roba da ake dannawa sau uku kafin a ja igiya. Shi ma yana wannan hakin. Ciwonsu ɗaya?

Malam Habu Makanike: Mamman ciwon ɗaya ne, yunwa, amma cikin ba ɗaya ba. Irin taka ba ta da ƙoƙo da fulota mai iyo a kan mai. Tsakaninta da tanki akwai wata siririyar fata ta roba, ita ke bugawa tana jawo mai. In ta tsufa ta bushe ta yi tauri kamar ganda, sai haki. Ita da juwan ɗinta ake sakewa tare, ba duka karbiratar ba, in dai ka samu. Samun ne aiki, don ba a cika kawo kayan irin wannan nan ba, sai ka yi sautu. Ka lura da wanda ke sama da wanda ke ƙasa kafin ka ɗaga su. Sannan abu biyu: kada hannunka ya je kusa da wuƙar sai ka cire wayar buji, don juya wuƙar juya injin ne. In za ka kishingiɗar da shi kuma, ɓangaren filta ya kalli sama. In ka kwantar da shi ta ɗaya gefen baƙin mai zai gangaro ya jiƙa filta, ka tada shi ya yi ta hayaƙi ka ce wani abu ya lalace.

Sani Fagge: Malam Mamman turo mini hoton lambar da ke jikin injin ta akwatina, zan duba maka a nan. In an samu sai a ba direban da ke bin hanyar Daura.

Mamman Lambu: Na gode ƙwarai Malam Sani, Allah ya bar zumunci.

Lawali Mirya: Barkanku da kwana. Na yi gwajin cok, da na ja rabi sai ya daidaita sumul kamar ba shi ba. Na kwance kamar yadda Baba ya ce. Wallahi kunya ta kama ni. Rabin tsohon juwan yana nan manne a jikin baƙar robar, ni kuma na ɗora sabo a kansa, gefe ɗaya ya yi tudu. Har ana ganin layin ƙura inda iska ke bi. Kuma wani ɗan siririn sifirin da ke tafiya tare da sandar gwamna, na same shi yana reto, ban maƙala shi ba sam. Na juye tanki a kwano, abin da ya fito ja ne kamar shayi, da gari-gari a ƙasa.

Ilu Sabon Gari: Ka ga ke nan sabuwar ba ta da laifi. Na janye maganar mayarwa.

Malam Habu Makanike: Kankare ragowar da reza a kwance, kada ka ƙwarzane robar. Siririn sifirin ɗin shi ke hana sandar wasa a cikin raminta, rashinsa kaɗai yana sa haki. Ɗauraye tanki da sabon mai sau biyu, ka wanke ɗan kofin robine. Tunda sabuwar ta riga ta sha dattin, buɗe ƙoƙonta ita ma ka duba. In ka zo ɗaurewa, noti biyun nan bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, kada ka danne ɗaya ka gama sannan ka koma ɗayan. Ba ƙarfi ake so ba.

Tsohuwar kuma, in ka samu sarari da dare: fitar da babban jikler da ke cikin bututun tsakiya da turnabis mai faɗin da ya cika tsagar, don tagulla ce, mai laushi, in ya zame ya cinye kan ka shiga uku. A samansa akwai wani bututu mai ƙananan ramuka a jiki, turo shi ya faɗo. Ƙaramin jikler yana sama, baƙi, ƙarƙashin kusar da ke saita gudun hankali. Jiƙa su a mai mai tsabta, ka zare silin waya ɗaya daga cikin igiyar lantarki ka bi ramukan a hankali, ka hura da famfon keke. Allura ko ƙaya, a'a. Ka ɗaga kowanne ka hango haske ta ciki.

Ilu Sabon Gari: Baba, duk wannan wahala a kan abin da ya riga ya sayi madadinsa?

Malam Habu Makanike: Ran da ta toshe masa ana tsakar zafin watan huɗu, albasa na neman ruwa safe da yamma, kai za ka kai masa wata Mirya?

Ilu Sabon Gari: In ya biya kuɗin babur me zai hana.

Hajiya Mariyama: Ilu ɗan kasuwa ne tun a zane. Malam Habu, tambaya ɗaya. Ɗaya injin namu ba haki yake ba, baƙin hayaƙi yake, kuma mai na ɗiga ta wajen filta in an ajiye shi.

Malam Habu Makanike: Hajiya wannan kishiyar ta Lawali ce, naku ƙoshi ya yi masa yawa. A cikin ƙoƙo akwai fulota da ke iyo a kan mai, in ƙoƙon ya cika ta tura wata ƴar allura ta toshe hanya. In datti ya tokare allurar, mai ba zai daina zuba ba. Kada ku tada shi tukuna. Ku zaro ma'aunin baƙin mai ku sansana. In yana warin isansi, ko ya ƙaru ya tsinke kamar ruwa, to man ya gangara ciki, sai an juye an zuba sabo, wajen lita 0.6 yake ci. Yawanci a amalanke abin ke faruwa, ana ta girgiza shi a hanya robine a buɗe. Ku duba filtar iska ma, ƙurar hunturun nan in ta cika ta, injin kamar an ja masa cok ne yini guda. Soson a wanke da sabulu, ya bushe sarai, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse.

Hajiya Mariyama: A amalanke kuwa muke kai shi kullum. Zan gaya wa yaran.

Lawali Mirya: Alhamdu lillahi jama'a. Ja ɗaya ya tashi, na buɗe cok bai ko yi tari ba. Tun azahar yake aiki, na shayar da fangali goma sha huɗu kafin la'asar. Tsohuwar ma na wanke, ƙaramin jikler ɗin ne a toshe da wani abu kore. Na naɗe ta a leda na sa cikin gwangwanin madara. Baba Habu, ranar Lahadi in ka shigo kasuwarmu akwai salati da tumatir naka. Sai dai na lura ruwa na ɗan ɗiga ta tsakanin famfon da injin, can ƙasa. Shi ma juwan ne?

Malam Habu Makanike: Wannan ba juwan ba ne, abin da ke tare ruwa ne a kan sandar famfo, kuma yawanci tada inji ba a cika gidan famfo da ruwa ba ke ƙona shi. Kwanakin da kake ta gwaji, ka zuba ruwa kuwa?

Lawali Mirya: Baba, sau biyu dai na manta.

Ilu Sabon Gari: Akwai shi a shago, na inci 3. Ka taho da tsohon.